Abin Da Ya Hana Bindigar Yaya Umaru Tashi

Tun da na dawo daga Duwala ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. Wannan ta leƙo, "Nafisa, ya garin?" Waccan ta kira a waya, "Da gaske suna cin kada?" Bakina ya gaji. Shi ya sa na zauna na rubuta, duk wadda ta ƙara tambayata sai in miƙa mata ta karanta da kanta.

Bari in fara da kashe ƙaryar da ke yawo a nan Jimeta. Ban je neman miji ba, ku kwantar da hankalinku. Kuma ba a harbi Yaya Umaru ɗan sanda, mijin yayata Hafsatu ba, wuƙa ɓarawo ya sa ya tsarge masa hannu a kasuwa. Babbar ƙaryar kuwa ita ce wai ɓarayin Duwala suna da maganin bindiga, wai in ɗan sanda ya ɗana musu sai ta yi sanyi. Gaskiya ne bindigarsa ta ƙi tashi ranar da ya fi bukatarta. Amma ɓarawon nan bai san komai ba, shi kansa na tabbata har yau yana mamaki.

Inna ce ta tura ni. Yaya Hafsatu ta haihu, mijinta na jinyar hannu, ga shi da ya warke zai koma aiki da bindiga a ƙugu, bindigar da ba wanda ya san ko za ta amsa in an kira ta. Yaya ta bugo tana kuka, wai ba ta so jaririnta ya san ubansa a hoto. Da zan shiga mota Inna ta riƙo mayafina ta ce, "Gidan surukai za ki. Ki taimaka da wanki da girki, ki riƙe bakinki." Na ce to. Ta ce, "Wannan to ɗin naki ban yarda da shi ba."

Ta Gurin muka bi. A motar na haɗu da Dada Asta, wata Bafulatana 'yar Garwa mai fataucin turaren wuta, wadda ta ɗora mini ƙullin kayanta a cinya tun kafin ta tambayi sunana. Da muka zo bakin kogi aka zuba mu a kwale-kwale, mu da buhunan sikari da babur guda da akuya. Ni da ban iya iyo ba na karanta duk surar da na sani, har da waɗanda na manta tsakiyarsu. Dada Asta kuwa goronta take ci.

A can tsallake muka tarar da jandarma, su ne masu tsaron hanya a ƙasar. Kun san 'yan sandanmu da doguwar bindiga a kafaɗa, an ɗaure gindinta da salatif. Su can ƙarama suke ratayawa a ƙugu, da wata igiya mai lanƙwasa kamar ta tsohuwar wayar tarho. Tunda maganar bindiga ce ta fito da ni daga gida, sai na kafa wa ta wani ido. Ya lura, ya yi wani dogon Faransanci.

Dada ta ce, "Wai yana tambaya ko saya za ki yi."

Na ce, "Tambaye shi, tana tashi kuwa?"

Ta mintsine ni a cinya har na ga taurari, ta juya ta faɗa masa wani abu tana murmushi. Ya dafa ƙirji ya yi godiya. Daga baya ta ce mini ce masa ta yi ina yi masa addu'ar ƙarin girma. Ya buɗe jakata, ya ci karo da daddawar da Inna ta ɗaure wa mai jego, ya shaƙa sau ɗaya ya rufe da sauri, ya yi mana alama mu wuce. Ban taɓa sanin daddawa fasfo ce ba sai ranar.

Garwa zafi kamar Yola, ba abin da ya burge ni sai burodinsu, dogo kamar taɓarya, ɓawonsa na yanka dasashi. A gidan Dada na kwana, ƙasa a tabarma tsakanin buhunan turare, na tashi ina ƙamshi kamar amarya. Ta raka ni tasha ta damƙa ni a hannun direban motar Ngaundare, ta ce da shi, "Yarinyar nan in ta yi magana a shinge, ka ce ba ta da lafiya."

Daga Ngaundare jirgin ƙasa ne zuwa Yawunde. Jirgin ba laifi, sai dai bayan gidansa, wanda ba zan ɓata muku rana da bayaninsa ba. Duk tashar da aka tsaya mata na miƙo kaya ta taga, zuma, ayaba, da wani abu dogo a naɗe cikin ganye da suke kira bobolo. Na ɗauka alala ce. Na saya, na kwance, wani tsami ya doki hancina. Ashe rogo ne da aka jiƙa har ya gaji da duniya. Na yi niyyar jefarwa, wata mata a gefena ta fizge ta cinye tana harara ta kamar na zagi uwarta. Daga Yawunde na hau bas. Muna fita gari wani mutum mai kwat ya miƙe ya fara tallan magani ɗaya tak da ke kashe basur, ya gyara ido, ya dawo da miji gida. Ban ji Faransancin ba, amma nuni da hannun da yake yi ya wadatar.

Duwala ruwa take sha kamar an huda sama. 'Yan acaɓansu, bansikin ake ce musu, sun ɗaura wa babur laima doguwa, sai ku ga kamar rumfa ce ke gudu. Wanda ya ɗauke ni ya bi ta cikin kwata, ya watsa mini taɓo har wuya, ya waiwayo ya ce, "Ashiya." Sannu ke nan. Da wannan ashiyar na iso Nubel, unguwar da Hausawa suka yi kaka-gida tun kakannin kakanni.

Hausar Nubel sai ka kasa kunne da kyau. Jimla za ta fito daga gida da Hausa, ta tsaya a hanya ta sa kwat ɗin Faransanci. "Sannu da zuwa, sa ba? Bari in je marshe in dawo." 'Yan matansu da mayafi da jakar ofis, suna zagin juna da Faransanci, in tsoho ya gifta su durƙusa su gaida shi da Hausar da ta fi tamu tsufa. Ni kuma suka sa mini suna 'yar Najeriya, kamar ni kaɗai aka haifa a can.

Yaya Umaru na gani na ya ɗaga hannunsa mai bandeji. "A'a, ƙaramar matata ta iso! Wa ya yi miki wanka da taɓo?"

Na ce, "Garinku. Ina jarumin da ɓarawo ya yanka kamar albasa?"

Kun san wasan da ke tsakanin mutum da ƙanwar matarsa, ba a fushi. Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. Yaya Hafsatu ta rame, jaririn ne kawai mai ƙiba a gidan.

Aka sauke ni a ɗakin Hajja, mahaifiyar Yaya Umaru. Tsohuwa ce 'yar siririya mai carbi, ba ta da yawan magana. Shi ne ɗanta na fari, kuma Hajja irin mutanen da ne, kunyar ɗan fari ta riƙe ta da hannu biyu. Ba ta faɗin sunansa. Ba ta kallonsa. In ya zo gaisuwa ya durƙusa a bakin ƙofa, bango take amsa wa. In dole ta ambace shi sai ta ce "wancan". Mu a Jimeta an fara sakin wannan al'ada, amma a tsakiyar Duwala, inda ake cin ndole da cokali mai yatsu, na same ta da ranta. Ndolen kuwa miyar shuwaka ce da gyaɗa, rana ta farko na ce ɗaci, rana ta uku aka kama ni ina kankare tukunya.

Kullum bayan la'asar majalisa ke zama a ƙofar gidan, ni kuma nake kai musu shayi, don haka na ji komai. Magana ɗaya ce, bindiga. A nan na gane ashe ba sau ɗaya abin ya faru ba. Ta farko da aka ba Yaya Umaru tsohuwa ce ƙirar Faransa, ta ƙi tashi a filin gwajin harbi, aka ce tsufa ne, aka canza masa da 'yar Italiya. Ita ce ta ci amanarsa a Marshe Kongo, babbar kasuwar atamfa, ranar da ya tare ɓarawo ya ja kunama ya ji ƙyas, ya sake ja ya ji ƙyas, ɓarawon ya ga banza ya zaro wuƙa. Yanzu an ba shi ta uku, wata baƙa mara nauyi da suke kira 'yar roba.

Baba Ajidan, tsohon ɗan sanda mai ritaya, shi ne limamin 'yar Faransa. "Ƙarfe zalla! Ko harsashi ya ƙare ka jefi mutum da ita sai ya suma. Shekarun da na yi da tawa ba ta taɓa yi mini gardama ba."

Alhaji Bello, mai shagon atamfa ɗan Marwa, ya ce, "Sau nawa ka harba ta, Ajidan?"

"Ba a nan take ba."

"A nan take mana. Ni ma motar da ban taɓa tayarwa ba ba ta taɓa mutuwa a hanya ba."

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce 'yar Italiya kyau gare ta kamar amarya, amma ba ta son ƙura, ba ta son gumi. Wani ya ce ta Sin in ka harba kai da ɓarawo duk ku yi salati, don ba a san ta inda za ta fito ba. Alhaji Bello ya rantse 'yar roba ko a kwatar unguwar Nailon ka binne ta ka tono za ta tashi. Baba Ajidan ya ce shi ba zai ba da ransa amanar abin da aka yi da kayan bokiti ba. Na lura duk cikinsu, ban da Ajidan, ba wanda ya taɓa riƙe abin da ya wuce wuƙar yankan rago. Yaya Umaru yana gefe yana jin su, yana murza bandejinsa. Ya ce shi abin da ke ɗaure masa kai, kullum ya goge sai ya ga tsatsa da wani maiƙo, ya ɗauka iskar teku ce.

Ranar Juma'a gari ya waye da rana, abin mamaki. Yaya Umaru ya yi wanka ya sa farar shadda. Ashe al'adarsa ce ba ya shiga masallaci da makami, kuma ba ya barin sa a ɗakinsu saboda masu shige da fice. Ya zo bakin ƙofar Hajja ya yi sallama, ta juya wa bango, ya shigo ya buɗe akwatin ƙarfenta ya ajiye bindigar, ya fita. A ganinsa duk Duwala ba wurin da ya kai nan tsaro, don ba mai shiga ɗakin Hajja ba izini.

Ni ina kwance a gadon baya, ciwon mara ya hana ni sakat, na rufa da zane har kai. Hajja ta ɗauka barci nake. Ana fara huɗuba na ji ƙarar akwati. Na ɗaga bakin zanen.

Jama'a, Hajja ta shimfiɗa ɗankwali ta ɗora bindigar kamar jaririn da za a yi wa wanka. Ta zare gidan harsashin, wallahi da gwaninta, ta zazzage harsasan cikin kofin silba mai cike da rubutu. Ta ɗauki ƙaramin cokali tana ɗura wa bindigar ta baki, tana tofi. Da ta ƙoshi, ta lakato man kaɗanya ta bi duk wata kafa da rami ta cusa, ta tsamo harsasan ta shafe su ɗaya bayan ɗaya, ta mayar, ta goge bayan tas da gefen zanenta. Ta rufe akwati ta ɗauki carbi.

Na tashi na tafi ɗakin Yaya Hafsatu ko takalmi ban sa ba. Na ce, "Yaya, kin san abin da Hajja ke yi wa bindigar nan?"

Ta sunkuyar da kai tana gyara wa jariri hula.

"Kin sani!"

"Na taɓa gani. Ban tabbata shi ne dalili ba."

"Ba ki tabbata ba? Ko cokali kika jiƙa duk Juma'a ai ya yi tsatsa. Me ya hana ki faɗa?"

"Nafisa, uwar mijina ce. In ce masa me? Uwarka ce ta sa aka yanke ka? Ko in je in ce mata ta daina yi wa ɗanta addu'a? Da wane bakin?" Sai hawaye. "Ki rufa mini asiri, Inna ta ce ki riƙe bakinki."

Na riƙe shi, har aka sauko daga masallaci. Yaya Umaru na shigowa zaure na tare shi.

"Mijina, albishirinka. Na gano ƙirar bindigar da ta fi kowacce."

"Goro. Wacce?"

"Wadda ba ta kwana a akwatin Hajja."

Na zayyana masa. Ya zauna a kan dakali. Ya ɗauko bindigar ya warware ta a gabana, ga man kaɗanya ya daskare a ciki fari fat, ga ruwa na ɗiga. Ya daɗe yana kallo. Na zaci zai yi faɗa, sai ya ce a hankali, "Ashe tana taɓawa." Ban gane ba sai daga baya.

Na ce, "To sai ka je ka gaya mata."

"Ni? Tun da nake ban taɓa yi mata magana ta wuce gaisuwa ba."

"To ka daina ajiyewa a can."

"Ta ce na daina yarda da ɗakinta? Gara a sake yanka ta."

Kun ji fa. Namiji mai gemu, mai kama ɓarayi, ya gwammace wuƙa da ya ɓata wa tsohuwa rai. Matarsa ta gwammace takaba da ta buɗe baki. Na duba gidan nan kaf na ga mara kunya ɗaya ce a ciki, kuma daga Jimeta aka yi odarta.

Na shiga na durƙusa. "Hajja, ɗazu ba barci nake ba."

Carbin ya tsaya.

"Ruwan nan da kike ɗura wa bindiga, shi ya hana ta tashi. Shi ya sa aka yanke shi."

Ta ce, "Ayar Allah ce."

"Ayar ta Allah ce, Hajja, amma ruwan na famfo ne. Ƙarfe bai san bambanci ba."

Na jira mari. Bai zo ba. Sannan ta ce, ba ni take kallo ba, "Kullum wancan ya fita, ban san ko zai dawo ba. Malam ya ce a ba shi ya sha."

"To ki ba shi mana."

"In miƙa masa kofi? Ni?" Ta girgiza kai. "Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ko ludayi ban taɓa miƙa masa ba. Abin da ke manne a jikinsa shi na samu na taɓa." Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce wai hayaƙin turare ne. Ba a kunna turare ba.

Kofin na nan a ƙarƙashin gado, da sauran rubutu a gora. Na ɗauraye shi sosai, don ban ga dalilin da mutum zai sha ruwan harsashi ba, na cika, na ce, "Ni zan kai masa, ai ba ɗan farina ba ne."

Na same shi a tsakar gida. Ya ce, "Daga ina?"

"Daga wata mata da ba ta san sunanka ba."

Ya karɓa da hannu biyu, har mai bandejin. Ya taka zuwa bakin ƙofarta ya durƙusa ya shanye tas. Ya ce wa iska, "A ce na gode."

Daga ciki Hajja ta ce wa bango, "A ce wa wancan ya yi aski, ya yi kama da ɗan fashi."

Da hannun ya warke ya kai bindigar aka wanke ta a wurin aikinsu, aka ba shi sababbin harsasai, ya je filin gwaji. Ya dawo yana washe baki, wai ko sau ɗaya ba ta yi gardama ba. Majalisa ta kama da wuta. Alhaji Bello ya miƙe yana taka rawa, "Ban gaya muku ba? 'Yar roba!" Baba Ajidan ya ce sa'a ce, a jira damina ta yi nisa. Har na baro garin suna wannan musu, kuma ba wanda ya gaya musu komai. Ku ma in kun je Nubel kuka faɗa, ban san ku ba.

Duk Juma'ar da na yi a can ni ke kai kofi. Da zan taho na damƙa wa Yaya Hafsatu aikin, ta ce to. Dawowata ba labari, sai dai jandarman nan ya gane ni, ya ga jakata ya ɗaga hannu tun daga nesa wai in wuce.

Shekaranjiya Yaya ta bugo. Wai ranar Juma'a ta je bakin ƙofar Hajja ta durƙusa, ta kasa cewa ta zo karɓar na mijinta. Hajja ma ta kasa cewa ga na wancan. Suka gaisa, suka sake gaisawa, suka yi maganar ruwan sama, ta tashi ta dawo. Kofin ya wuce Juma'a a cike. Kuma wai da ta waiwaya ta ga Hajja tana kallon akwati, ga gwangwanin man kaɗanya a kusa da ƙafarta.

Alhaji Bello dama ya ce in ina so akwai wuri a shagonsa na Marshe Kongo, wai bakina zai sayar da atamfa ko ta kwana goma a ruwa. Na gaya wa Inna zan koma. Ta ce, "Ba na ce ki riƙe bakinki ba?" Na ce, "Inna, duk gidan riƙe shi suka yi, saura kaɗan a yi zaman makoki." Sai ta tashi ta fara ɗaura daddawa.

Jibi zan bi motar Gurin. Dole in isa Nubel kafin liman ya hau mumbari.